Rular Benci Na Huɗu

Kun sha tambayata dalilin da ya sa nake ajiye tsohuwar rular katakon nan a bayan ƙofar ɗakina, mai hular gwangwani a kai, wadda Nasiru ya taɓa ɗauka ya kakkaɓo mangwaro da ita na kusa tsinke masa kunne. Kun kuma sha jin mutane suna cewa korata aka yi daga Jega, aka jefa ni Maiyama saboda na kunyata shugabata a gaban baƙo. Har gwaggonku ta Kashin Zama, wadda ko ƙofar makarantar ba ta sani ba, tana ba da labarin kamar a kan idonta aka yi. To yau zan faɗa muku yadda abin ya faru, tun ina da sauran ƙwaƙwalwa. Rular nan da canjin wurin aikin nan labari ɗaya ne. Kuma kada ku gyara zama kuna jiran a yabi uwarku, don rabin laifin nawa ne.

Shekarar da na yaye Sadiya ce. Ina koyar da Fiziks a wata makarantar 'yan mata a Jega, ni kaɗai ce malamar darasin. Makarantar ta daɗe, amma ajin kimiyya sabo ne, kuma 'yan mata talatin da biyun da na ɗauko tun farko su ne za su fara zama jarrabawar ƙarshe a Fiziks. Sai dai akwai sharaɗi. Dole a turo mai duba makarantu ya ga ɗakin gwaje-gwajenmu, wanda kowa ke kira lab, ya duba littattafan da yara ke rubuta rahoton gwaji, ya sa hannu. In bai sa hannu ba, ba za a yi musu rajistar Fiziks ba. Ke nan wadda ke son aikin jinya ko likita sai ta haƙura, wahalar shekara biyu ta tafi a banza. Kuma yawancin yaran nan ni na bi gida-gida na lallashi iyayensu suka bar su shiga kimiyya, na yi musu alkawarin da ya fi bakina. Shi ya sa tun da aka ce baƙo na tafe, abinci ya daina yi mini daɗi.

Saboda waɗanda suka gudu daga kimiyya a cikinku, ba sai na kama suna ba, bari in yi bayanin gwajin da rigimar ta taso a kansa. Gwajin lilo muke ce masa. A ɗaure ɗan dunƙulen ƙarfe a bakin zare, a rataye, a auna tsawon zaren da rula, a ɗan ture ƙarfen ya riƙa kai da komo, a ƙirga sau ashirin ana riƙe da agogo. A ƙara tsawon zaren a sake, har sau biyar. Sai a jera lambobin a jadawali, a yi ɗan lissafi, a ɗiga su a takardar giraf mai ƙananan gidaje, a ja layi. Littafi ya ce layin zai miƙe sak, kuma zai faro daga kusurwar ƙasa, wurin sifili, tunda zaren da ba shi da tsawo ba shi da lilo. Benci shida ne a lab ɗin, kowane benci da zarensa da agogonsa da rularsa. Ni na kafa dokar cewa kayan wani benci ba ya zuwa wani benci, don kada abu ya ɓace a rasa wanda za a tambaya.

Yanzu ga inda laifina yake. Yadda aka duba mini rahoto ina ɗaliba, haka ni ma nake duba na yara. Ina da giraf ɗina da na zana a tsanake, yara suna kiransa uwar giraf. Ranar ba da maki sai in ja kujera bakin taga, in zare takardar yarinya daga littafinta, in ɗora a kan tawa, in ɗaga su haske ya ratsa. In layinta ya hau kan nawa, goma sha takwas cikin ashirin, har da "da kyau" da jan biro. In ya kauce, gwargwadon kaucewarsa gwargwadon abin da zan zabge. Jadawalin lambobi kuwa kallo ɗaya nake masa. Littafi talatin da biyu, kafin kiran azahar na gama, har ina yi wa malamin lissafi dariya don shi yakan kwana uku a kan nasa. Ban taɓa buɗe baki na ce wa yarinya ta canza lamba ba, wannan Allah shaida ne. Amma yara ba wawaye ba ne. Sun gane abin da taga take so, sai suka koma zana layin tukuna, sannan su nemo lambobin da za su dace da shi. Ni kuwa ina ganin littattafai suna ta kyau, ina cewa koyarwata ce ta kama.

Mutum ɗaya ce ta ƙi koyon wannan dabara. Sunanta Luba, 'yar Gehuru, siririya, ba ta da surutu, kuma tana da nawa irin mai sa malami ya ciji yatsa. In tana ƙirga lilo leɓenta na motsi kamar mai jan carbi. Kowa ya fita tara, ita tana nan a benci na huɗu tana sake aunawa. A zangon farko na shekarar ƙarshe na sa su gwajin lilo, don shi nake so baƙo ya gani. Littafi talatin da ɗaya suka hau kan uwar giraf kamar an buga su da inji. Na Luba ya miƙe sak, babu karkata, amma ya ƙi farowa daga sifili. Sai da ya matsa gefe, wajen santimita biyar, sannan ya tashi. Na ba ta shida, na rubuta ta sake. Ta sake, layi ya koma inda yake. Na ce ta ƙara, ta ƙara, bai motsa ba. A karo na uku raina ya ɓaci, na rubuta mata "taurin kai" da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙasa, na kira ta gaban tebur.

"Luba, ke kaɗai kif fi littafi sani?"

"A'a, Malama."

"To mi yah hana layinki bi ta sihili kamar na kowa? Ku biyar na bisa bencin ga. Huɗu sun samu, ke kaɗai ta daban?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Ta ce, "Malama, abin da nig gani shi nir rubuta."

Na ce ta ɓace mini da gani. Har yau in na tuna yadda ta ɗauki littafin da hannu biyu ta rusuna, sai in ji kunya ta rufe ni.

Saura kwana biyar baƙo ya zo, shugabar makaranta, Hajiya Balkisu, ta ce in kai mata littattafan ofis. Kada ku ɗauke ta muguwa. Mace ce da ta tsaya tsayin daka aka gina lab ɗin nan, ta yi ta zarya ma'aikata har takalminta ya san hanya. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ya kama ni. Ta bi littattafan ɗaya-ɗaya tana murmushi, har ta zo kan na Luba, mai jan biro shafi uku.

"Malama Kulu, wanga hwa?"

Na yi mata bayani. Ta buɗe durowa ta ciro sabon littafi ta turo mini.

"Ki ba ta wanga, ta kwahe na wata mai kyau. Wancan ki kai shi gida ki aje. Ba za mu bari littahi guda shi kashe muna ɗiya talatin da biyu ba. Kin jiya?"

Na ce na ji. Kuma ban yi gardama ba, don a raina ma abin da nake so a ce mini ke nan. Ranar Alhamis bayan an tashi na kira Luba na ba ta sabon littafin da na wata ɗaliba, na faɗa mata abin da za ta yi. Ta karɓa, amma ba ta tafi ba.

"Malama, in kin ce in kwahe, ina kwahewa. Amma dai ba shi nig gani ba."

Na ce ban tambaye ta ba, Litinin nake son sa.

Ranar Asabar muka tafi Aliero gaida kakanku, Allah ya jiƙansa. A hanya na kwashe labarin na faɗa wa babanku, ina so ya ce mini na yi daidai. Shi kuwa bai ba ni kunya ba. Yana nan zaune, ku tambaye shi, na san zai musa.

"Ke dai bi abin da shugaba tac ce," in ji shi. "Baƙon ga wuni guda zai yi shi tahi. Ke da Hajiya kuna nan tare. Kuma ina ruwan yarinya da inda layi yab bi?"

Muka tarar da Baba a bakin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ana fitar da ita ana zubawa a buhu. Yana zaune a kan tabarma yana zaɓar manya yana ajiyewa gefe, waɗanda za a jera a bakin buhu. Kowa a garinmu ya san wannan ado, mai saye ma ya sani. Na zauna kusa da shi ina taya shi, ya dube ni sau ɗaya ya ce fuskata ba daidai take ba. Na ba shi labarin a taƙaice, ina ganin tsohon da bai taɓa shiga aji ba me zai gane a giraf. Ya bar ni na gama, hannunsa bai daina aiki ba.

"Yarinyag ga maƙaryaciya ta?"

"A'a, Baba."

"Raguwa ta?"

"Ta hi kowa wahala bisa aikin."

"To ashe ke kika son koya mata." Ya jefa wata albasa cikin kwando. "Kulu, adon bakin buhu dut muna yi, ba ni ɓoye maki. Amma mai saye in ya san aikinai, ba baki shika dubi ba, hannu shika turawa har ƙasa. Kuma ni a kasuwa in mutum ya auna sau ukku yas samu abu guda, ba shi nika zagi ba. Cewa nika yi a kawo kwanon in gani."

Na ce, "Baba, wanga ba awon gero ba na."

Ya ce, "To. Ku ad da ilimi."

Da na ajiye girman kai na ji maganarsa, da Litinin da safe na gano komai da kaina. Amma ina, ni mai digiri, a ce manomin albasa zai nuna mini aikin lab? Kwanon bai shiga kaina ba. Abin da ya shiga, ya ƙi fita, shi ne "ke kika son koya mata". Na yi wanki da shi, na yi girki da shi, har na zuba gishiri sau biyu a miyar Lahadi.

Litinin Luba ta kawo sabon littafi, rubutu tsaf, layi ya bi ta sifili kamar na kowa. Ba ta dube ni ba, ta ajiye ta fita. Na saka shi a durowa tare da tsohon, don ban kai tsohon gida ba. Talata da hantsi baƙo ya iso. Mista Bitrus sunansa, mutumin kudancin jiha, gajere, mai furfura, da fensir a bayan kunne. An kawo masa lemo ya ce sai ya gama aiki. Ya zagaya lab, ya danna agogo, ya buɗe kabad, ya leƙa ƙarƙashin benci, sannan ya zauna ya ce a kawo littattafai. Na je durowa. Littafi biyu suna kallona, sabo da tsoho. Ba zan ce muku jarumta ce ba. Hannuna ne kawai ya ƙi ɗaukar sabon, na ji in na ɗauka ba zan ƙara iya tsayawa gaban yarinyar nan in ce mata ta auna wani abu ba. Na cusa tsohon a tsakiyar tarin na kai. Hajiya ta hango bangonsa da ya sha hannu, ta gane shi, ta yi mini wani kallo da har yanzu ina jinsa a ƙeyata.

Mista Bitrus ya fara buɗewa. Na farko, na biyu, na biyar, na goma, yana saurin da ya fi nawa na bakin taga. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Can ya ce, "Kai, yaran nan sun fi masu rubuta littafin iyawa." Hajiya ta yi murmushi ta ce ai muna ƙoƙari. Ni kuwa na ji muryar ba ta yabo ba ce. Ya ci gaba har ya zo kan na Luba, sai ya tsaya. Ya gyara tabarau. Ya karanta jadawalin da bakin fensir, lamba bayan lamba, ya juya shafi na biyu, ya juya na uku, ya ga "taurin kai" ɗina, ya ɗago ya dube ni ya mayar da kai. Ya ciro 'yar rular roba daga aljihu ya ɗora a kan layin. Ni dai na riga na sallama, ina lissafin gidajen da zan bi in ba iyaye haƙuri.

"A kira mini mai littafin nan."

Aka kira Luba, ta shigo.

"'Yata, a wane benci kike aiki?"

"Na huɗu."

"Je ki kawo mini rular bencinku, da ta benci na ɗaya." Tana juyawa ya dube ni. "Malama, rular nan ta gaza da santimita biyar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ka gan ta ba tukuna."

Ya ce, "Na gan ta. Ga ta nan a takarda, har sau uku."

Luba ta kawo su, ya jera su a kan tebur, gindi da gindi. Ta benci na huɗu ta gaza, gazawar da ko makaho zai shafa ya ji. Ya sa makulli ya ɓanɓare hular gwangwanin da ke kanta, sai ga bakin katako an yanke shi da zarto. Nan na tuna. A dogon hutu gara ta shiga lab, aka kira kafinta ya gyara abin da ta ci. Ya sa wa dukan rulolin hular gwangwani don ya kare bakinsu, har na yi masa godiya. Ashe ta benci na huɗu gara ta cinye kanta, shi kuwa bawan Allah ya datse ruɓaɓɓen wurin ya rufe da kyau. A wurinsa katako ne ya gyara. Lambobin kusa da bakin dama sun goge, yara kuma daga hula suke fara awo, su karanta a can ƙasa. Dokata ta hana rula zuwa wani benci, don haka ba a taɓa jera ta da 'yan uwanta ba. Sai maganar Baba ta dawo mini, a kawo kwanon in gani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai tsaya nan ba. Ya ce a ware masa littattafan sauran huɗun da ke benci ɗaya da Luba. Ya shimfiɗa su, kowane layi ya faro daga sifili.

"Waɗannan da wace rula suka auna?"

Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki jan birona da ke kan tebur ya miƙo mini, ya turo littafin Luba gabana.

"Zo mu sake duba wannan tare. Ta maimaita kowane awo?"

"Sau uku-uku," na ce.

"Ba ta makinta. Ta rubuta santimita da sakan a kan jadawali? Lambobin bayan ɗigo sun daidaita daga sama har ƙasa?"

Na duba, abin da ban taɓa yi ba. Suna nan. Haka ya yi ta ja na kamar 'yar aji ɗaya. Ko giraf ɗin ya ci fiye da rabin takarda, ko kowane ɗigo yana inda jadawali ya ce, ko ta ja layin ta tsakiyar ɗigogin ba ta tilasta shi wani wuri ba. Ya sa na lissafa gangaren layin da kaina, sai ga amsar ta fito dab da ta littafi, don gajeriyar rula ta matsar da layin ne kawai, ba ta karkata shi ba. A wurin matakan kiyayewa wasu sun haddace jimla biyu suna ta maimaitawa, ita kuwa ta rubuta cewa ta rufe taga don iska na ture zaren. A can ƙasan shafi na uku, ƙarƙashin zagin da na yi mata, akwai ɗan rubutu da fensir wanda ban ma lura da shi ba. Ya karanta da ƙarfi. Ta ce layin bai bi ta sifili ba, ta sake sau uku, ba ta san dalili ba. Muka haɗa maki, goma sha tara.

"Malama," in ji shi, "amsar ƙarshe makinta kaɗan ne. Amsa tana cikin littafi tun kafin a haifi yaran nan. Abin da ake dubawa a rahoto shi ne, ta auna? Ta rubuta abin da ta gani? Wani zai iya bin sawunta?"

Ya ciro takardarsa ya ɗora fensir a kai, bai rubuta komai ba. Ya dubi Hajiya.

"Hajiya, zan faɗa miki gaskiya. Da na kai littafi na goma na yanke shawara ba zan sa hannu ba. Irin waɗannan rahotanni ana iya rubuta su a gindin bishiya, ba lab, ba zare, ba agogo. Na sha ganinsu. Wannan guda ɗayan ne ya shaida mini cewa ana gwaji a ɗakin nan."

Ya ajiye fensir ya ɗauki biro ya sa hannu. Ya rubuta sharaɗi cewa a sake dukan rahotannin cikin mako shida, a gwada rulolin, a canza yadda ake ba da maki, zai dawo ya gani. Na zauna a kan kujerar ɗalibai. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Ina ta alhamdu lillahi a zuci, ina tuna sabon littafin da ke kwance a durowa, taku biyar daga inda muke. Da shi na ɗauko, da yara talatin da biyu sun tashi a tutar babu, kuma da ni da Hajiya mun yi ta zagin baƙo muna cewa mugu ne. Sai a lokacin ya ce a ba shi lemonsa.

Washegari na tsaya gaban aji da littafin Luba. Na soke "taurin kai" a kan idonsu, na rubuta sabon maki, na ce mata ta yafe mini. Ta rufe fuska da hijabi, aji ya ɗauki shewa. Sauran ban zage su ba, da wane baki? Na yaga uwar giraf na jefa a kwandon shara, muka koma zare da agogo. Layuka suka dawo a karkace, wani ɗigo sama wani ƙasa, ni kuma na koma kwana uku a kan littattafai, malamin lissafi ya rama dariyarsa. Mista Bitrus ya dawo ya gani ya gamsu. Duk su talatin da biyu suka zauna jarrabawa.

Amma Hajiya ba ta huce ba. A rahoton da ya kai ma'aikata ya rubuta cewa yawancin littattafan farko gyararru ne, aka kira ta aka yi mata tambayoyi. A ganinta na saɓa umarninta, kuma na sa an ga wallenta. Na ce mata ai littafin ne ya cece mu. Ta ce ta sani, amma lokacin da na saka shi ban san zai cece mu ba. Wannan kam gaskiyarta ce, ban sani ba. Ƙarshen shekara takardar canji ta fito, Maiyama. Ku manyan kuna tuna yadda muka kwashe kaya, Nasiru yana kuka don abokansa, babanku yana zarya kullum a hanya yana mita. Sakamakon ɗalibaina ma a bakin wata malama na ji shi, ban ga fuskokinsu ba, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Shekara huɗu Hajiya ba ta amsa gaisuwata da kyau ba, sai a wani suna a Mungadi ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ba mu tayar da maganar ba. Rular kuwa an soke ta daga kayan makaranta za a jefar, na roƙa aka ba ni, har da hularta. Da na kai wa Baba ya gani, ya juya ta, ya shafa bakin, ya miƙo mini. Cewa kawai ya yi, "Ashe awon gero na."

Bara da kuka matsa mini in je a auna jinina saboda yawan ƙishirwa, na shiga ɗakin gwaji na asibiti na miƙa hannu ina kallon bango, don ba na son allura. Sai na ji an ce, "Malama Kulu?" Wata mata ce cikin farar riga, ta yi jiki, da tabarau. Ban gane ta ba sai da ta koma kan na'urarta na ga leɓenta yana motsi. Muka yi ta murna, ta tambayi kowa, na tambayi mutanen Gehuru. Da sakamako ya fito ta duba, ta ce bari ta sake. Ta sake. Ta ce sukarin ya hau sosai. Na matso na rage murya.

"Luba, rage min kaɗan mana. In ɗiyan nan sunka ga wagga takarda, sun raba ni da shayina ke nan."

Ta yi dariya har da hawaye, biro yana hannunta.

"Malama, kin dai san ni. Abin da nig gani shi nika rubutawa."

Ta rubuta, kuka gani, kuka ɓoye mini gwangwanin sukari, likita ya ce da an ƙara wata shida da labarin ya canza. To ga ni nan ina shan shayi salam ina zaginku, kuma ina barci lafiya lau. Rular nan kuma kada wanda ya jefar da ita bayan raina. In za ku auna yadi da ita, ku tuna ku rage biyar.